Serialization: ƙunshewa, naɗewa ko jerantawa?

Alƙalami: Salamu alaikum. Ana fassara takardar shirya muhallin aiki na Protocol Buffers (wani tsarin ajiye bayanai da tura su tsakanin manhajoji) da Python, aiki ya tsaya a kan serialization. Ma'anarta a ɗauki bayani yadda yake zaune a ƙwaƙwalwar manhaja, a mai da shi bayit-bayit, wato ƙananan lambobin da kwamfuta ke adana bayani da su, don a ajiye a fayil ko a tura ta intanet, can kuma a mayar da shi yadda yake. Kalma biyu ake bukata, ta tafiya da ta dawowa. Shawarata ƙunshewa da kwancewa.

Gizogizo: Wa alaikumus salam. Malam, ƙunshi ya riga ya samu aiki a takardar. Dubi matakan farko: `python -m venv .venv` don a keɓe muhalli, a kunna shi da `source .venv/bin/activate` a Linux ko `.venv\Scripts\activate` a Windows, sannan `pip install protobuf grpcio-tools`. Abin da pip ke saukowa, wato package, ƙunshi muke ce masa. Layi uku bayan nan a ce "ƙunshe bayanai", ai mai koyo zai ɗauka abu ɗaya ne. Kuma wasu za su ji kamar matse fayil ake nufi, alhali wannan aikin gzip ne.

Tauraruwa: To naɗewa da warwarewa fa? Kamar tabarma, ka naɗe ka ɗauka, ka je ka warware, babu abin da ya ragu.

Gizogizo: Malama, da daɗin ji, amma wanda ya ji "naɗe bayanai" rikodin zai kawo a ransa, irin naɗar murya.

Madubi: Ku bari mu dubi abin da ke faruwa a zahiri, kalmar za ta fito daga nan. Ka rubuta `dalibi.proto` da gurbi ɗaya, `int32 maki = 1;`. Ka gudanar da `python -m grpc_tools.protoc -I. --python_out=. dalibi.proto`, zai haifar maka `dalibi_pb2.py`. Ka sa maki 150, ka kira `SerializeToString()`. Bayit uku za ka samu: 08 96 01. Na farko ya ɗauki lambar gurbi da nau'insa, sauran biyun su ne 150 ɗin. Sunan "maki" bai shiga ko kaɗan ba. Ka sauya wa bayit ɗin nan mazauni, ma'ana ta lalace. Ke nan zuciyar aikin ita ce abu ya biyo bayan abu a jere. Jerantawa.

Nan ne ma dalilin da ya sa ba a sake wa gurbi lamba bayan an fara aiki da shi: tsohon fayil zai karantu da ma'anar da ba tasa ba, sau da yawa kuma ba tare da wani kuskure ya fito ba. Gurbin da aka cire a sa lambarsa a `reserved`. Lamba 1 zuwa 15 bayit ɗaya suke ci, a bar su ga guraben da aka fi amfani da su.

Alƙalami: Jerantawa ba za ta yi karo da sort, wato jera abubuwa bisa tsari, ba?

Madubi: Ta ɗan gifta. Amma sort kullum da ma'auninsa yake zuwa, jerawa daga ƙarami zuwa babba, ko bisa haruffa. Mu kuma a ambato na farko sai mu ce jerantawa zuwa bayit. Ta kuma dace da JSON, tsarin da ke ajiye bayani a matsayin rubutu, shi ma harafi ne bayan harafi.

Tauraruwa: Na yarda. Na dawowa kuwa kar a ce warwarewa, don `ParseFromString()` ba watsa jerin yake ba, sake gina bayanin yake daga gare shi. Maidowa ta fi.

Tunda takardar shiri ce, a sa gargaɗi biyu. Fayil da `"wb"` ake buɗe shi, da `"rb"` ake karantawa. Aka sa `"w"` Python zai jefo TypeError, domin bayit aka ba shi ba rubutu ba. Na biyu siga, wato version. Da protobuf 4.21 ta fito a 2022, fayilolin `_pb2.py` da aka haifar da protoc (manhajar da ke haifar da su daga `.proto`) mai siga ƙasa da 3.19 sun daina tashi, suna cewa "Descriptors cannot be created directly". Maganin a sake haifar da su, sannan a ɗaure sigar protobuf da ta grpcio-tools a `requirements.txt`.

Gizogizo: A ƙara gwaji da ƙ, ɗ, ɓ. Kowannensu bayit biyu ne a UTF-8, tsarin mai da haruffa bayit, kuma `json.dumps` yana mai da ƙ ta zama `\u0199` sai an sa `ensure_ascii=False`, a buɗe fayil ɗin da `encoding="utf-8"`.

Alƙalami: Madalla. An rubuta: serialization jerantawa, deserialization maidowa, serialized data jerantaccen bayani. Saura schema, wato fayil ɗin `.proto`. Wannan sai a buɗe masa nasa zaren.