Shawarwari kan ƙaramar mujallar hannu

A zaman da muka yi a Samaru, an amince a fara da takardar A4 guda: a ninke ta gida takwas, a tsaga tsakiya, ta zama ɗan littafi. Baƙin biro ya fi fitowa a fotokwafi. Kan ado, a liƙa ƙyallen atamfa, a zana aska takwas, wato adon ɗinkin babbar riga, a kuma tambayi mai ɗinkin hannu nawa ake biyansa, don nan maganar adalci take. Siyasa ce ta jawo gardama. Wani dattijo ya tuna mana a Zariya aka fara buga jaridar Gaskiya Ta Fi Kwabo a 1939, ya ce kada a kama sunan kowa sai da hujja. Ni dai ina bayansa.