Maratayin kuben wuƙar bindiga: na wane zamani ne?

Mai tambaya, daga Tudun Wada:
Salamu alaikum 'yan'uwa. A akwatin ƙarfen marigayi kakanmu, wanda ya yi yaƙin Bama, mun tarar da wani guntun zane mai kauri, ruwan ƙasa, da madaukai biyu a ƙasa da babba guda a sama. An ce da shi ake rataya kuben wuƙar bindiga a bel. Wuƙar dai babu. Yaya zan gane shekarunsa? Kuma in wanke shi?

Tsohon soja, daga Sabon Gari:
Wa alaikumus salam ɗana. Kada ka kai shi kusa da ruwa. Juya bayansa ka duba a hasken rana, a nan ake buga hatimi da tawada, sabulu kuwa shafe shi zai yi. Nemi alama mai kamar kan kibiya, shaidar kayan gwamnatin Ingila ke nan. Sau da yawa akwai sunan kamfani da shekara, misali M.E.Co. 1942.

In hatimin ya dushe, siffa za ta gaya maka. Samfurin sojan Ingila na shekarar 1908 faffaɗa ne, don bel ɗinsa inci 3 ne, kuma yana da wata 'yar igiya a baya inda ake ɗaura mazubin ƙotar shebur. Na 1937 siriri ne, bel ɗinsa inci 2 da kwata, da ƙaramin madauki a can sama mai riƙe ƙotar wuƙa. In ka ga an tsaga madaukin kube na sama kamar kafar maɓalli, to an gyara shi ne don wuƙar nan mai kamar ƙusa ta bindiga lamba 4. Doguwar wuƙar 1907, mai inci 17, ba ta buƙatar wannan tsagar.

Wata malamar tarihi, daga Samaru:
Baba ya gama magana, sai dai a yi hattara: an ci gaba da amfani da samfurin 1937 shekaru da yawa bayan yaƙi, saboda haka samunsa a Zariya, garin da Dafo, wurin horar da sababbin sojoji, yake tun 1924, ba hujja ba ce cewa ya je Bama. Ka nemi takardar sallamar kakanku ko lambobin yabonsa. Runduna ta 81 da ta 82 na sojojin Afirka ta Yamma ne suka je, kuma bataliyoyin Najeriya uku sun yi yaƙi cikin dakarun Chindit, wata runduna ta musamman ta Ingila a Bama, a 1944, inda Barikin Chindit na Zariya ya samo suna.

Baduku, daga cikin birni:
In kun ci karo da na fata, don Allah ban da man ja, ban da baƙin mai. Ku naɗe shi a ƙyallen auduga, ba leda ba, gumin damina zai sa shi fumfuna.

Mai tambaya:
Na gode ƙwarai. Na duba Baba, tsagar tana nan, kibiyar ma na ganta, amma lambar ƙarshe ta shekarar ta goge. Gobe da safe zan ɗora hoton bayansa.