Wace na'urar zamani ce ta fi cancanta in fara saya wa gidanmu a Aboabo?

'Yar kasuwar Kejetia: Assalamu alaikum, iyayena da yayyena. Ina zaune a unguwar Aboabo, cikin Kumasi a Ghana, tare da mahaifiyata wadda shekaru suka ja, a ɗaki biyu na haya cikin gidan da muke iyali bakwai a kan mita ɗaya. Tun safe nake fita kasuwa, ba na dawowa sai bayan magariba, kuma hankalina yana kanta duk yini. Yayana da ke Amurka ya turo sidi 2,000, ya ce in sayi na'urorin da ake sarrafawa da waya, ko kuwa ya sayo a can ya aiko. Ina tunanin kyamarar cikin gida, ko soket mai kashe kansa, ko ƙwan fitilar da ake kunnawa daga nesa. Ba mu da intanet na gida, data ta waya kawai nake saye. Wanda ya taɓa amfani da su ya taimake ni da abin da ya gani.

Ɗan Asawase: Wa alaikumus salam, Hajiya. Ki sayi makullin ƙofa mai karanta zanen yatsa, domin tun da na sa shi a gidana na huta da ɓatan mabuɗi, kuma yara ba sa tsayawa a waje suna jira.

Maman 'yan biyu: Ƙanina, ta ce gidan haya ne. Wane mai gida ne zai yarda a huda masa ƙofa, kuma tsohuwa mai aikin hannu da ruwa za ta riƙa fama da yatsa kafin ta shiga ɗakinta?

Alhaji na Sabon Zongo: 'Yata, kada ki yarda a aiko miki da komai daga Amurka sai kin ji abin da ya same ni. Ɗana ya aiko mini da kwali cike da kaya: ƙararrawar ƙofa mai kyamara, soket guda huɗu, da wata na'ura da ake yi wa magana ta amsa. Ranar da suka iso muka sa wa soket ɗaya adafta muka jona, sai ƙara da hayaƙi, domin wutar Amurka volt 120 ce, tamu kuwa a Ghana 230. Ƙararrawar ta yi aiki, amma bayan ɗan lokaci ta daina ajiye hoto, ta ce sai an biya kuɗin wata-wata da dala. Abin da ya fi ƙona mini rai ya zo daga baya. Wani dare aka ɗauke wuta, aka dawo da ita da ƙarfi, firiji da talabijin suka tafi tare, da maganin ciwon sukarin matata a cikin firijin. Na koma wurin wanda ya sayar mini da abin da ya kira mai kare kaya, ya dube ni ya ce bai san ni ba, tun da ba ni da rasit. Mu da muka sha dumsor, wato yawan ɗauke wuta, a 2015 bai kamata a yaudare mu da fitila mai canza launi ba, alhali abin da ke kashe mana dukiya yana cikin wayar bango.

Malamar Islamiyya: Allah ya mayar da alheri, Baba Alhaji. Mu ma fankarmu da cajar waya biyu haka suka tafi a daminar bara.

Ɗan Asawase: Baba, ka yi haƙuri, amma laifin na wanda ya aiko ne da bai duba ba, ba na na'urorin ba.

Alhaji na Sabon Zongo: Ɗana ne kake magana a kansa, yaro, kuma da niyyar alheri ya aiko. Firijin da ya ƙone a nan Kumasi na saye shi, da tambarin taurarinsa na hukumar makamashi, Energy Commission, a jiki.

Mai gyaran wuta, Alabar: Baba Alhaji ya yi gaskiya a kan wutar, kuma ina so in ja maganar zuwa tambayar Hajiya. Kowace na'ura tana da rubutu a bayanta ko a jikin cajarta. Idan an rubuta 100 zuwa 240V, za ta yi aiki a nan, sai dai a sauya mata kai, tun da soket ɗinmu mai ƙafa uku ne irin na Ingila. Idan 120V kaɗai aka rubuta, a bar ta a can. Abin da zan fara sa wa a ɗakinki shi ne firij-gad, wanda yake yanke wuta idan ta yi yawa ko ta yi ƙasa, sannan ya jira 'yan mintuna bayan an dawo da ita kafin ya saki, domin injin firiji ba ya son a tashe shi nan take. Bayan haka ki sani cewa kyamara ba ta magana da wayarki a Kejetia sai da intanet a cikin gida dare da rana, wato na'urar da ke raba intanet a gida, MiFi ko rawuta mai sim, da data ta musamman. Yawancin waɗannan ƙananan na'urori Wi-Fi na 2.4GHz kaɗai suke kamawa. Idan aka ɗauke wuta, kyamara da rawuta duka suna mutuwa, sai an haɗa musu ƙaramin batiri. Soket mai kashe kansa kuma yana da iyakar nauyi a rubuce, wasu amp 10, wasu 13, saboda haka kada a jona masa hita da dutsen guga lokaci guda.

Mai shago a Adum: Hajiya, ki zo da kuɗinki ki huta da dogon bayani. Kyamara mai juyawa wadda ake magana ta cikinta sidi 650 ce a wurinmu, da memori a ciki, ba kuɗin wata. Firij-gad sidi 180.

Maman 'yan biyu: Sidi 650? Ni 380 na sayi tawa, kuma firij-gad ɗina bai kai 100 ba.

Mai shago a Adum: Yaya, taki ba ta da garanti, kuma ki gaya mana lokacin da kika saya, domin kayanmu da dala ake shigo da su.

Wani daga Nima: A Accra, wajen Zongo Lane, an ce mini 450, amma ban da memori.

Mai gyaran wuta, Alabar: Mai sayarwa ba shi ake kira ba idan kaya sun ƙone da tsakar dare, mu ake kira.

Mai shago a Adum: Kuma mu ake dawo wa da kaya idan mai gyara ya haɗa waya ba daidai ba. Shekaru nake wannan sana'a, na san wanda ake dawowa da shi da wanda ba a dawowa da shi.

Ɗan Asawase: Hajiya, idan kin sa kyamarar mai magana, ki shirya, domin Mma ce za ta riƙa kiranki ta ciki tana tambayar ko kin sayo mata goro, duk Kejetia na ji.

Malamar Islamiyya: Raha ta yi daɗi, amma akwai abin da ba a taɓo ba. Kyamara a ɗakin da uwa take kwana, take sauya tufafi, ba ƙaramin abu ba ne. A nemi izininta tukuna, a fuskantar da ita ƙofa ko falo, a sauya kalmar sirrin da ta zo da ita, kuma kada yaron da ya haɗa ta ya tafi da hoton gidan a wayarsa. Tsakar gida ma ba taki ce ke kaɗai ba, matan maƙwabta suna wanki da alwala a wurin. A ganina, ƙaramar waya mai manyan lambobi da fitila mai caji wadda take kama kanta idan wuta ta tafi sun fi amfanar tsohuwa, domin faɗuwa cikin duhu ita ce abin tsoro.

'Yar kasuwar Kejetia: Na gode, Malama, zan yi magana da Mma. Amma idan na ƙara rawuta da kyamara masu aiki dare da rana, yaya zan yi da rabon kuɗin mita?

Maman 'yan biyu: A nan rigimar take, ƙanwata. A gidanmu da maki ake rabo: ƙwan fitila maki ɗaya, fanka da talabijin da firiji kowanne da nasa. Ranar da aka ga ƙaramar fitilar kyamarata tana ƙiftawa, aka ƙara mini maki biyu, alhali wadda take dafa ruwa da hita kowace asuba ta ɓoye ta a ƙarƙashin gado, ba a lissafa mata komai.

Mai gyaran wuta, Alabar: Kyamara ba ta cin fiye da 'yan watt, kamar ƙaramin ƙwan fitila, hita kuwa tana jan watt 1,000 zuwa sama. Akwai soket mai nuna abin da kowace na'ura ta ci, shi zai raba gardamar.

Maman 'yan biyu: Wa zai yarda a jona masa shi a ɗaki? Kuɗin da muke sa wa mita ta manhajar sayen wuta ta PowerApp ba ya kai ƙarshen wata, kowa yana rantsuwa ba shi ba ne.

Alhaji na Sabon Zongo: Ni mai gida ne, kuma ina jin yadda ake zaginmu. Na ce wa 'yan hayata kowa ya nemi mitarsa, suka ce ni zan biya, tun da idan sun tashi ba za su tafi da ita ba.

Wani daga Nima: Gaskiyarsu ce, Baba. Mai gidanmu ya karɓi hayar shekara biyu a dunƙule, kuma har yau shi kaɗai yake riƙe da katin mitar. Hajiya, a gidanku wa yake riƙe da shi?