Abin da na tsinta a hirar gyaran ƙasar filin harbi

Jama'a ga taƙaitaccen abin da aka tattauna kan filayen da sojoji suka gama atisayen harbi suka tashi, an fi kawo misalin tsibirin Vieques na Puerto Rico, inda sojan ruwan Amurka suka bar wurin a 2003 amma har yau ana kan shara.

Kowa ya yarda kar a taɓa ƙasar sai masu kwance bam sun bi da na'urar gano ƙarfe, don bam ɗin da bai tashi ba yana nan kwance yana jiran fartanya. Bayan nan sai gwaji, kuma wai dalmar harsasai, wadda guba ce, ta fi taruwa a tudun da harsasai ke nutsewa bayan abin auna saiti, nan za ka ga ƙasa cike da guntayen harsashi sun yi fari-fari. A tankaɗe ta kamar gari a rariya a fid da ƙarfen, sauran a cakuɗa da fosfet (sinadarin da ake sawa a takin zamani) ko farar ƙasa don kar dalmar ta narke ta bi ruwa, a dinga yayyafa ruwa saboda ƙura.

Masu cewa a shuka ciyawa ta tsotse gubar, ni dai ban gamsu ba gaskiya, dalma ba ta da saurin fita haka, kankare saman ƙasa a zuba sabuwa kamar yadda aka yi a Zamfara bayan annobar gubar dalma ta 2010 ya fi. RDX kuwa, wato sinadarin fashewa da ke cikin bama-bamai, shi gangarawa yake cikin ruwan ƙasa, don haka ba haƙa rijiya sai an gwada, yara ma a hana su tsintar kwanson harsashi.