Musayar gogewa: idan aka bar ɗalibi ya nemo amsa da kansa

Malamar kimiyya, ƙaramar sakandare, Runjin Sambo a Sakkwato: Assalamu alaikum. Ina roƙon malamai da iyaye, duk wanda ya taɓa ganin koyarwa ta hanyar bincike a aikace ya faɗa mana abin da ya gani. Ni dai a bazarar da ta wuce na tambayi 'yan ajina dalilin da ya sa ruwan randa ya fi na jarka sanyi alhali inuwa ɗaya suke ciki, kuma na ƙi rubuta amsar a allo. Wasu suka ce yumɓu ne ke da sanyi, sai wata yarinya ta ce ta lura jikin randar gidansu kullum a jiƙe yake. Muka kawo tuluna biyu, suka naɗe ɗaya da leda, suka riƙa duba ma'aunin zafi, sai ga wanda aka naɗe ya ƙi yin sanyi kamar ɗan'uwansa. Su da kansu suka kai ga cewa ruwan da ke tsattsafowa ta jikin tulu yana bin iska, yana tafiya da zafi. Sai bayan nan na ba su labarin Mohammed Bah Abba na Jigawa, wanda ya sami lambar yabo ta kamfanin Rolex a shekarar 2000 saboda dabarar sa tukunya cikin tukunya da jiƙaƙƙen yashi a tsakani don adana kayan miya.

Malamin lissafi, babbar sakandare, Mabera: Malama, Allah ya saka da alheri, amma ajina ba masaka tsinke, darasin minti 40 ne, ga manhajar WAEC da NECO da ba ta jiran kowa. Da na raba su rukuni-rukuni, sai ya zama mutum biyu ke aikin, sauran sun laɓe a bayansu. Abin da ya ɗan gyara lamarin shi ne ina ba da tambayar tun jajibirin darasi, sannan in kira kowane ɗan rukuni da na ga dama ya fito ya yi bayani. Duk da haka ba kowane babi nake yi wa wannan ba.

Dattijo, ɗalibin zaure, kusa da Hubbare: 'Ya'yana, ɗora wa ɗalibi nauyin karatunsa ba baƙon abu ba ne a Sakkwato. A zaure ba a kiran suna, ba kuma a yi wa kowa bulala don ya zo. Mutum yakan ɗauko Ahlari ko Ishmawi, in ya sauke ya shiga Iziyya da Risala, ya duba darasinsa tun da dare, da safe ya karanta malam yana fassarawa. Wanda bai yi bita ba, harshensa ne zai tona shi a gaban 'yan'uwansa. Na yarda wannan ba daidai yake da bincikenku ba, domin mu nassi muke bi, sai dai ɗalibin ya san shi ke neman ilimin.

Uwa, Gawon Nama: Baba ya faɗi gaskiya, sai dai akwai abin da ke ci mini tuwo a ƙwarya. Ɗana ya taɓa tambayar wani malami ta yadda aka gane cewa duniya tana juyawa, aka ce masa ya cika rashin kunya, kuma tun ranar bai ƙara ɗaga hannu a ajin ba. Mu ma iyaye da namu laifin, don a gida mun saba cewa yaro ya yi shiru manya na magana. Malamai, don Allah, yaya kuke yi da ɗaliban da suka riga suka ji tsoron tambaya kafin su iso hannunku?