Keken lantarki a turbar daji: a bar shi ko a hana?

Sabon Mahayi:
Salamu alaikum 'yan uwa. Ana ta gardama kan ko ya dace keken lantarki ya bi siraran turbobin daji da masu keken ƙafa da masu tattaki ke amfani da su. Ku da kuka san harkar, me kuka gani?

Bakaniken Keke:
Wa alaikumus salam. Malam, fara tambayar wane iri. Akwai wanda injinsa ba ya aiki sai kana taka feda. A Tarayyar Turai ƙa'idarsa wat 250 ne, kuma injin yana daina taimako a gudun kilomita 25 a awa. A Amurka kashi uku aka yi: na farko sai da feda, yana yankewa a kilomita 32, na biyu yana da totur, ya tafi ko ba ka taka ba, na uku yana kaiwa kilomita 45. Na farkon nan nake goyon baya a turba. Mai totur, da wanda aka cire wa takunkumin gudu, babur ne, ya bi hanyar babura.

Mai Gyaran Turba:
Haka ne Oga. Mutane na ɗora laifi a kan nauyi, alhali keken lantarki kilo 22 zuwa 25 ne, na ƙafa 13 zuwa 15. Bambancin kilo goman nan bai kai wanda ke tsakanin mahayi da mahayi ba. Abin da ke cin ƙasa shi ne tayar baya idan ta yi ta juyawa a wuri ɗaya. Injin yana ba da ƙarfi farat ɗaya, to in hawan yana da santsi kuma an sa shi a matakin ƙarfi na ƙarshe, sai tayar ta haƙa rami. Ruwan sama ya bi ramin, ya zama kwazazzabo. Maganinsa a rage matakin, a sa giya mai sauƙi, a zauna daram a kan sirdi. In taya tana barin sawu mai zurfi bayan ruwa, a haƙura sai ƙasa ta bushe.

Hajiya Mai Tattaki:
Ni damuwata gudun hawa ce. An saba mai hawa yana tafiya a hankali, mai gangarowa ya ba shi hanya. Yanzu mai lantarki yana hawa da ninkin gudun mai keken ƙafa, sai a yi kiciɓis a kwanar da ba a hango gaba. Ku sa ƙararrawa, ku rage gudu tun kafin kwana, in kun ga doki ku tsaya ku yi magana don kada ya firgita.

Bakaniken Keke:
Gaskiya ne Hajiya. Kuma birkin ma sai an kula. Nauyin yana dumama shi a doguwar gangara har ya yi sanyin kamu, shi ya sa faifan birki mai faɗin milimita 200 ya fi dacewa. Sarƙa ma tana saurin miƙewa. In ma'auni ya nuna ta miƙe da kashi 0.5 cikin ɗari a canza ta, in ba haka ba ta cinye haƙoran giya. Kada a canza giya ana tsakiyar danna feda, a nan ne sarƙar take tsinkewa.

Dattijon Sirdi:
Yarana, kada a manta da masu ciwon gwiwa da masu shekaru, waɗanda wannan keke ya dawo da su daji. Sai dai yana kai sabon shiga nesa fiye da ƙwarewarsa. Batir mai wat-awa (ma'aunin wutar da yake ɗauka) 500 zuwa 750 yana saurin ƙarewa a hawa da lokacin sanyi, tura kilo 25 zuwa gida kuwa wahala ce. A juyo tun batir yana sama da rabi. Kuma a karanta allon bakin turba, domin ko a Amurka hukumar gandun daji ta ƙasa tana lissafa shi cikin ababen hawa masu inji, ba ya shiga sai inda aka ba da izini.