Wai kwamfuta za ta iya nemo mana madadin PZT marar dalma kuwa?

Mai_Nazari:
Salam 'yan uwa. Kwanan nan ina ta karatu a kan kayan fiyezo, waɗanda in ka matsa su sai su ba da lantarki, in ka ba su lantarki kuma su motsa, irin na cikin na'urar sikanin ciki. PZT, wato haɗin dalma da zirkoniyam da titaniyam da oksijin, shi ne gaba a aiki amma wajen kashi 60 na nauyinsa dalma ce, ga guba. To tunda yanzu ana tace tulin ferobskait (sinadarai masu irin tsarin kiristal na PZT) da lissafin DFT (lissafin da ke hasashen halin sinadari daga yadda ilektiron ɗinsa suke) a kwamfuta, me ya hana har yau a samu wanda zai gaje shi? Abin na damuna wallahi.

Hajiya_Kimiyya:
Wa alaikas salam ƙanina. Ana nema sosai, ko a 2015 Materials Project, masu rumbun bayanan sinadarai a intanet, sun fitar da lissafin fiyezo na sinadarai 941. Inda gizo ke saƙar shi ne DFT tana ɗaukar kiristal tsaf ba tabo, a sanyin sifili na Kelbin, alhali ƙarfin PZT yawanci yana fitowa ne daga cakuɗa zirkoniyam kashi 52 da titaniyam kashi 48, daidai kan iyakar da tsarin kiristal iri biyu ke haɗuwa, sannan bangon domen na ciki (iyakokin ƙananan yankuna da ke cikin kiristal ɗin, kowanne da inda cajinsa ya fuskanta) suna motsi suna ƙara masa ƙarfi, wannan kuwa 'yan atom biyar ɗin da ake sa wa kwamfuta ba za su nuna maka shi ba.

Injiniya_B:
Gaskiya ne Hajiya. Ni na taɓa gasa KNN (wani fiyezo marar dalma na fotasiyam da sodiyam da niyobiyam) a lab, a lissafi lafiya lau, amma fotasiyam ɗin ya riƙa tsere mana a wuta, faifan ya fito duk ƙofofi, bayan kwana biyu ya sha danshi ya fara marmashewa a hannuna. Na ji zafin abin sosai. BZT-BCT na 2009 ma, wani marar dalma mai bariyam, ya kai 620 pC/N a ma'aunin ƙarfin fiyezo amma kafin zafi ya kai digiri 100 ya saki ƙarfin.

Mai_Nazari:
To kenan lissafin ba shi da amfani?

Hajiya_Kimiyya:
A'a yana da shi mana, shi ke rage maka ɗaruruwa su dawo goma da za ka gasa. Ka fara duba masu bismut, shi ma yana da wasu ilektiron biyu na waje da ake kira 6s, irin na dalma, su ke ture atom daga tsakiya, abin da ke taimaka wa ƙarfin fiyezo. Kuma ka tabbata sinadarin zai zaunu kafin ka kalli lambar fiyezonsa.